Taku Goma Sha Ɗaya

Sallama gare ku, masu bin labarin nan. An karanta mini abin da kuka rubuta a ƙarƙashin kashin labarin da ya gabata. Wata ta ce ni mugun uba ne. Ban musa ba. Wani ya ce tsoho da wasan waya abin dariya ne. Ya yi dariyarsa, ba zan hana shi ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni mai gyaran agogo ne. Shekara arba'in da ɗaya na yi a kan teburi ɗaya, madubi a ido, hantsaki a hannu. Aji uku na yi a makaranta, don haka kada ku nemi ado a maganata. Matata ta rasu shekara biyu da suka wuce. Auta, 'yata ta ƙarshe, ita kaɗai ta rage mini a gida. Shekarunta ashirin da bakwai, tana aiki a kantin magani. Akwai mutumin da take so, kuma a makon da zan ba ku labari tana gab da rasa shi.

Wayar, babban ɗana ne ya aiko mini da ita daga inda yake aiki, wai don mu riƙa ganin jikoki. A ciki akwai wani wasa. 'Ya'yan itatuwa ne masu launi, ka jera uku iri ɗaya su fashe, wasu su zubo daga sama. Shi ke nan. Babu kuɗi a ciki, babu mace, babu abin da za a nuna a ce ga laifi. Shi ya sa na daɗe ina cewa ba komai ba ne. Aiki ya riga ya yi ƙaranci a shago, kowa a wayarsa yake duba lokaci. Na fara ne don rage zaman banza. Daga baya na rufe shagon, na kwaso teburin na ajiye a kusurwar falo, na lulluɓe shi da tsohon zani. Bayan rasuwar kuwa abin ya ninka. In ina yi ba na jin komai, ba na tuna komai. Yanzu na haura mataki na dubu huɗu. Babban yatsana na dama ya yi kanta.

Kullum in Auta na wajen aiki saƙonta na shigowa a saman allo.

"Baba, abinci yana cikin jar kula."

"Baba, ƙarfe ɗaya ta yi, maganinka."

"Baba, ka amsa mini ko da ɗigo ne."

Ba na buɗewa. Da yatsan nake ture saƙon sama, don yana tare mini layin farko na wasan. Gaskiyar ke nan.

Wata biyu da suka wuce na ɗora ruwan shayi a kan gas. Maƙwabciya ce ta hango hayaƙi ta taga. Tukunyar ta ƙone har hannunta ya narke, ina zaune a falo, ko ƙauri ban ji ba. Tun ranar Auta ke cire kan gas ɗin ta jefa a jakarta in za ta fita.

Mai neman nata malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Dogo muke ce masa, don sai ya sunkuya yake shiga falonmu. Marigayiya ta sha gaya masa ranar da ya fasa mata saman ƙofa shi zai gyara. Tana ji da shi. Har kofi ta ware masa, wani fari mai babban kunne, wai yatsunsa ba sa shiga na sauran. Yaro ne mai kunya. Rigunansa uku ne, duk a goge. Wata takwas da suka wuce ya kawo mini agogon mahaifinsa, irin na murɗawa, wai ya tsaya. Na san ba agogon ne ya kawo shi ba, hanyar magana yake nema. Na ce ya ajiye. Ban ɗago kai ba. Ya daɗe a tsugune, ya yi sallama ya fita.

An yi masa canjin wajen aiki zuwa wani gari, tafiyar yini guda a mota. Asabar zai tashi. Ya ce wa Auta ko dai a tsayar da magana kafin ranar, ko ta sallame shi. Shekara uku yana jira. Ban ga laifinsa ba.

Ranar Litinin Yayata ta zo. Ta girme ni da shekara shida, kuma har yau a wurinta ban iya fyace hanci ba. Ta shigo da sandarta da mayafinta ruwan toka, ta zauna a kujerar marigayiya, wadda ba mai zama a kai.

"Mai Agogo, ina yini?"

"Lafiya lau, Yaya."

"Da wa kake gaisawa, da ni ko da lemon cikin wayar?"

Na kife wayar a cinya. Yatsan bai daina motsi ba.

Ta ƙwala wa Auta kira. Auta ta fito daga kicin hannu a jiƙe, cikin shuɗiyar rigarta ta zaman gida, ɗankwali ya zame rabin kai.

"Ke, me kike jira? Sai yaron nan ya tafi wata ta ɗauke?"

"Gwaggo, wa zan bar wa Baba?"

"Ki bar wa wayar. Ita ke kwantar da shi, ita ke tashinsa. Ta fi ki iya renonsa."

"Gwaggo, don Allah."

"To ni zan ɗauke shi. Akwai ɗaki a gidana."

Na ce, "Ba inda zan je. Ni ba kaya ba ne."

"Ai kaya ya fi ka, ba ya ƙona tukunya."

Auta ta so ta yi dariya, sai hawaye ya riga dariyar. Ta ce, "A bar maganar nan. Ba zan iya ba." Ta koma kicin.

Yaya ta dube ni ta saman tabarau. "Ci gaba. Uwarta ta tafi, kai kuma ka zauna kana cinye mata ƙuruciya."

Tana fita na buɗe wayar, na ci mataki biyu. Ina faɗa muku ne don ku san irin mutumin da ke magana.

Laraba ce ranar zuwa wajen Malama, mai taimaka wa masu jaraba irin tawa. Auta ce ta samo wurin, a hawa na biyu na wani ƙaramin asibiti. Ba allura, ba ƙwaya. Ɗaki ne mai faɗi, taga uku, shimfiɗun roba a ƙasa, kujeru a jikin bango. A bakin ƙofa akwai kwando, kowa ya jefa wayarsa kafin ya shiga. Agogon bangonsu yana latti da minti huɗu. Na gaya musu tun ranar farko, ba wanda ya gyara.

Malama 'yar ƙaramar mace ce mai sanyin murya, ba za ta girmi babban ɗana ba. Ta ce ita ba likita ba ce, aikinta koya wa mutum sauraron jikinsa. Mu shida ne. Akwai wani mai tasi, ƙato, wanda cacar ƙwallo ta raba da matarsa. Akwai wata baiwar Allah da ta kasa daina sayayya a waya, ɗakinta cike da kwalayen da ba ta buɗe ba. Sauran ban tambaya ba.

Zuwa uku na yi ban cire takalmi ba. Ina kan kujera, hula a kai, hannu a harɗe, ina kallon manyan mutane suna tura bango da tafin hannu, suna sakin numfashi kamar tayar da aka huda. Mai tasi yakan ce, "Baba, zo ka kama mana, bangon nan ya kusa matsawa." Nakan ce, "In ya matsa ka kira ni."

A Larabar makon nan Malama ta jawo kujera ta zauna a gabana.

"Baba, ba zan tambaye ka abin da ya sa kake wasan ba."

"Da ma ba zan faɗa ba."

"Na sani. Maganar aiki zan tambaye ka. In aka kawo maka agogo yana tafiya ba daidai ba, hannun kake lanƙwasawa?"

"Wane mahaukaci ne zai taɓa hannu? Hannu abin da aka sa shi yake yi. Ciki ake buɗewa."

"To yatsanka ma haka ne. An yi ta faɗa da shi a banza. Kafin ya motsa akwai abin da ke riga shi motsi a ciki. Ni ban san ko mene ne ba. Kai ne mai madubin."

Yarinyar ta iya magana.

"Takalmin kawai za ka cire. Ƙafa ba ta jin ƙasa ta cikin takalmi."

Na cire. Safata ta hagu a huje take. Mai tasi ya gani, ya kau da kai. Na gode masa a zuci.

Ta ɗauko wayata daga kwando, ta ajiye a kan ɗan benci daidai inda hannuna zai kai.

"Kada ka taɓa, kada kuma ka ɗauke ido. Ka danna ƙafafunka a ƙasa. Ka ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali, fitar ta fi shigar tsawo. Duk abin da ka ji, wurin za ka gaya mini, ba sai ka san sunansa ba."

Minti ɗaya. Minti biyu. Na ce, "Babu komai."

"Ba sauri muke ba."

Sai wani ya shiga ɗan banɗakin da ke gefen ɗakin, ya buɗe famfo. Ruwa ya fara dukan bokitin da ba komai a ciki.

Yatsana ya zabura. Amma wannan karon na kama abin da ya riga shi. Maƙogwarona ya shaƙe kamar an zarge shi da zare. Bayan kunnuwana ya ɗauki zafi. Cinyoyina suka ɗaure, duka biyun.

"Ina ne, Baba?"

"Wuya."

"Sai ina?"

"Ƙafa."

"Me ƙafar take son yi?"

"Ƙafa ba ta son komai. Ƙafa ce."

"In ka ƙyale ta, me za ta yi?"

Na daɗe kafin na ce, "Tashi."

"To me ya hana?"

Ban ankara ba sai ga hannuna a kan wayar. Ban aike shi ba. Malama ba ta taɓa ni ba, ba ta janye wayar ba.

"Ka gani? Ƙafa ta ce a tashi, hannu ya yi maza ya zaunar da kai. Kullum shi ke cin galaba. Yau a bar wa ƙafa."

Na miƙe. Gwiwoyina suka kama rawa, irin wadda ban taɓa gani a jikina ba. Na ce, "Hawan jini ne." Ta ce, "Za mu auna in ka zauna. Amma ina jin abin da aka daɗe ana dannewa ne yake neman hanya. Ƙyale su su yi. In ya yi yawa ka zauna, ba gasa muke ba." Mai tasi ya bar bangonsa ya zo ya tsaya a bayana. Minti uku na yi a tsaye. Gumi ya jiƙa bakin hulata. Ban yi taku ko ɗaya ba.

Da za mu watse Malama ta ce, "A gida in ya taso, ka kife wayar, ka danna ƙafa, ka tashi. Ka bi ƙafar ka ga inda za ta. Amma kada ka yi kai kaɗai, a sami wani a gidan."

Ban gaya mata ba. Na riga na san inda za ta.

Yanzu zan faɗi abin da mutum ɗaya kaɗai ya taɓa ji daga bakina.

Ranar da marigayiya ta faɗi Talata ce, bayan azahar. Ta ce kanta na juyawa, bari ta watsa ruwa ko ta ji dama. Ta shiga banɗaki. Na ji ta buɗe famfo, ruwa na dukan bokiti. Ina kan kujerata. Saura motsi biyar in ci wani mataki da na kwana uku a kansa. Ta kira ni. Ba ta taɓa faɗin sunana ba tun da aka kawo ta.

"Baban Auta."

Na ce, "Ina zuwa."

Ta sake kira, a hankali.

Na ce, "Na ce ina zuwa."

Na faɗi wasan. Na sake farawa. Ƙarfe biyu da minti biyar ta kira, na sani, don idona ba ya wuce agogo bai karanta ba. Biyu da minti ashirin da shida na ga ruwa ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya iso kafet.

Kwana uku ta yi a asibiti, ba ta ƙara magana ba. Likita ya tambaye ni yaushe abin ya faru, ya ce a irin wannan ciwo minti ɗaya ma abu ne. Na ce ina jin faɗuwarta na ruga. Ƙarya na yi. Yara suka yi ta cewa an yi sa'a Baba na gida.

Ranar Alhamis Auta ba ta da aiki. Idanunta a kumbure tun safe, ban tambaya ba. Da hantsi ta shiga banɗaki za ta jiƙa wanki, ta bar ƙofar a buɗe kaɗan. Ina kujerata, waya a hannu. Ta murɗa famfo.

Wuya. Kunne. Cinya. Bi da bi, kamar haƙoran cikin agogo, wannan na tura wannan.

Na kife wayar a hannun kujera. Wannan kaɗai ya fi mini ɗaga buhun siminti wuya. Na zare silifa. Na danna ƙafa a kafet, na saki numfashi. Yatsan na ta shafar iska. Na tashi.

Na ƙirga. Daga kujerata zuwa ƙofar banɗaki taku goma sha ɗaya ne. Shekara talatin ina gidan ban taɓa ƙirgawa ba. Goma sha ɗaya. Ko yaro mai koyon tafiya zai iya.

Na dafa ƙofar. Bakina ya buɗe da kansa.

"Na'am," na ce. "Ga ni."

Auta ta juyo, kumfa har gwiwar hannu. "Baba? Ai ban kira ka ba."

"Na sani."

Na zame na zauna a ƙasa, a bakin ƙofar, daidai inda ruwan ya biyo ranar. Jikina ya kama ɓari har haƙorana na haɗuwa. Ta yo kaina za ta ɗaga ni, tana cewa bari ta nemo mota. Na ce, "Bari. An ce a ƙyale shi ya yi. Kashe famfon ki zauna."

Na gaya mata duka. Ƙarfe nawa, motsi nawa, sau nawa aka kira. Ban rage komai ba. Ban kalle ta ba, wani tayil nake kallo da ya tsage a kusurwa. Da na gama na ce, "Wanda kike ƙin aure dominsa ke nan. Yanzu kin san shi."

Na jira ta tashi ta bar ni. Na jira baƙar magana, ko da yake ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Sai ta goge hannu a riga, ta zaro wayarta daga aljihu. Ta shiga wajen hotuna, ta yi ta gangarawa ƙasa, ƙasa, sannan ta miƙo mini. Hoton allon waya ne. An rubuta: Mama. Kiran da ba a amsa ba. Talata, biyu saura minti goma sha biyu.

"Ina tare da Dogo," ta ce. "Hutun rana ne, ya zo ya kai ni shan abin sanyi. Yana ba ni labarin ɗalibansa ina dariya. Na ga kiran, na danne sautin, na ce in mun gama na kira ta. Maganinta ne ya ƙare, Baba. Daga baya na ga kwalin, ba ko ɗaya a ciki. Tun Lahadi ta ce in taho mata da shi na manta. Ni da ke aiki a kantin magani."

Ta ja hanci.

"Duk sanda ya sa ni dariya sai in ji kamar waya na motsi a jakata. Ba don kai kaɗai na ƙi ba. Da kai nake fakewa."

Shekara biyu muna gida ɗaya, muna cin abinci a tire ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa abu iri ɗaya.

Ni ban iya rarrashi ba. Tun da yarana suka yi wayo ban ƙara rungumar ko ɗaya ba. Abin da na iya shi na yi. Na ce, "Daga kantinku zuwa nan minti nawa ne?"

"Arba'in, in babu cunkoso."

"Da kin amsa, kin tashi a take, kin koma kanti kin ɗauko, ƙarfe nawa za ki iso?"

Na amsa mata da kaina.

"Biyu da rabi ta wuce. Ba za ki riske ta a tsaye ba. Ni taku goma sha ɗaya ne. Wannan kayan nawa ne, ba a raba shi biyu. Sauke."

"Maganin fa, Baba?"

"Wannan ba ni da amsarsa. Ni ma kullum ina ganin kwalin a kan firij, ban taɓa ɗauka na girgiza ba."

Ta kifa kai a kafaɗata. Hannuna ya daɗe a sama kafin ya sauka a kanta. Muka zauna a ƙasa har kumfar bokitin ta mutu.

Can ta ce, "Ai an ma gama. Jiya na tura wa Dogo saƙo."

Ta nuna mini. "Ka yi haƙuri. Ka tafi. Allah ya ba ka wadda ta fi ni."

A ƙasa ga amsarsa. "To. Allah ya ba Baba lafiya."

Ko a nan bai manta da ni ba, ni da ban ɗago na kalle shi ba.

Kada ku ce na warke. Da yammacin ranar na yi awa biyu a kan wasan. Malama ta riga ta ce haka abin yake, a faɗi a tashi. Amma Juma'a da safe na yaye zanin da ke kan teburina. Auta ta kira wajen aiki ta ce ba za ta samu zuwa ba. Na sa wayar a cikin jar kula, na rufe, na ce ta kai kicin. Na jawo aljihun teburi na ɗauko agogon Dogo.

Na sa madubi a ido. Sukurun farko ya tsere mini sau uku, yatsan da ya yi kanta ba ya jin ƙaramin abu. Na buɗe baya. Ba abin da ya karye. Mai ne ya bushe ya daskare, ya riƙe haƙoran. Na kwance, na wanke, na shanya a kan farar takarda, na ɗiga sabon mai da bakin allura. Sau huɗu abin ya taso mini, don maƙwabta na wanki, ana jin famfonsu ta bango. Sau huɗu na ajiye hantsaki, na danna ƙafa, na tashi, na yi taku goma sha ɗaya, na dafa ƙofa, na dawo. A na ukun Auta ta fito daga kicin ta biyo ni. Muka je tare, muka dawo tare.

Aikin awa ɗaya ya kai ni har bayan na dawo daga masallaci. Mu masu gyara muna karce 'yar alama a cikin murfin baya, don na gaba ya san wanda ya taɓa buɗewa. Na karce tawa. Rabona da ita shekara uku. Ƙarfe uku saura na rufe, na murɗa, na kara a kunne. Yana tafiya.

"Kawo wayar," na ce.

"Baba, kada ka kira shi. Da wane ido zan kalle shi?"

"Ba don ke zan kira ba. Agogonsa na gama. Ba na riƙe kayan mutane."

"Wata takwas fa yana hannunka."

"Sa mini lambar."

Tana buɗe allon sai ga wasan ya turo nasa saƙon a sama, wai 'ya'yan itatuwana na kewata. Na ture shi da yatsan, yadda nake ture nata. Ta sa lambar. Ya fara shiga.

Ɗaya. Biyu. Uku. Ban taɓa sanin tsawon shirun da ke tsakanin ƙara da ƙara ba sai ranar. Ashe haka mai kira ke ji. Ashe haka marigayiya ta ji, tana bayan ƙofa. A na bakwai ya ɗauka.

"Salamu alaikum. Baba?" Ina jin ƙugin inji da iska a bayansa.

"Kai. Agogonka ya tashi. Ka zo ka karɓa."

"Baba, ina cikin mota. Na ga ba abin da zan jira har gobe. Mun fi awa ɗaya da tashi."

Auta ta toshe baki da ɗankwali.

Ban taɓa roƙon mutum ba a rayuwata. Ban san ta inda ake farawa ba. Wuyana ya shaƙe. Na danna ƙafa a ƙasa, na saki numfashi, yadda aka koya mini.

"An taɓa kirana sau biyu ban tashi ba," na ce. "Na san abin da ke biyo baya. Ka sauka." Sai na ƙara, "Don Allah."

"Baba, ita ce ta ce in tafi."

Na miƙa wa Auta wayar. Ta girgiza kai. Ban janye hannun ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta kara a kunne. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai kuka. Da ƙyar ta ce, "Ni ce. Ka..."

Layin ya yanke. Mun sake kira sau uku, ba ya shiga. Hanyar can akwai wuraren da babu sabis. Ko ya ji ta, ko bai ji ba, ba mu sani ba.

Na ajiye agogon a tsakiyar teburi. Auta ta shiga kicin, na ji tana buɗe kabad na sama. Ta wanke farin kofin nan mai babban kunne, wanda ba a taɓa ba shekara biyu, ta kawo ta ajiye kusa da agogon. Ta canza ɗankwali. Ta zauna. Wayar na kife a tsakaninmu, kuma yanzu ba ni kaɗai ke son ɗaukarta ba. Yatsana ya fara motsi. Ta ɗora hannunta a kai. Nata ma rawa yake.

"Cire takalmi," na ce mata. "Danna ƙafa. Ki saki numfashi a hankali."

Uku da rabi ta wuce. Huɗu ta wuce. Rana ta bar taga ta koma bango.

Biyar saura kwata, ta agogon Dogo, aka buga ƙofa. Bugu uku. Yaya ma haka take bugawa da sandarta, maƙwabciya ma haka. Ban san ko wane ne ba.

Ban ce ina zuwa ba. Na tashi.